Gaiwar Inna Hajo a birkar Sidi Umar

Jiya na ji ɗan Ramatu yana gaya wa abokansa wai aikin kakansa kwasar taɓo ne, ko jaki aka ɗaura wa zambil, wato kwandon kaba, zai yi shi. Kakan nan ni ne. Ban tanka masa a gaban mutane ba, amma yau tunda kun taru, ku gyara zama. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da famfo a jikin bango, in ruwa ya ɗauke ku aika mota ta kawo, ba laifinku ba ne in kun ɗauka haka Makka take tun fil azal. A zamaninmu kowane babban gida yana da sahariji, wato ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa da ake tara ruwan sama a ciki. A bayan gari kuma akwai birka, tafki ne da aka gine da dutse, bakinsa a buɗe, raƙuma da jakuna na sha. In ruwa ya sauko daga duwatsu ba shi kaɗai yake zuwa ba, da laka yake zuwa, da kashin awaki, da duk abin da ya tarar a hanya. Mu ne masu yasa, mu muke shiga mu fitar da wannan.

Ina da shekara goma sha tara mahaifiyata ta kai ni wurin Baba Gambo. A nan unguwar Jarwal aka haife ni, ban taɓa ganin kogi ba, shi ya sa yake kirana Ɗan Makka in yana son ya tsokane ni, in kuwa ransa ya ɓaci sai ya kira ni da sunana, Sale, ya ja sunan. Mutumin fadamun Haɗeja ne, masunci ɗan masunci, ya zo aikin hajji a ƙafa shi da matarsa Inna Hajo, suka zauna. Gajere ne, ƙirjinsa faffaɗa, ga ƙarancin magana. Bai iya bayani ba sam. In ka yi daidai shiru, in ka yi kuskure tsawa, kai za ka gano wa kanka abin da ya sa.

Aikina na farko a wani sahariji ne a Misfala, gidan wani Ba'indiye mai sayar da yadi. Na tuɓe riga ina ɗokin in nuna ƙarfi, na kama igiya zan sauka, sai ji na yi an finciko ni ta wuya. Baba Gambo ya kunna 'yar fitilar mai, ya ɗaura ta a siririyar igiya, ya zura a hankali. Ba ta kai rabi ba harshen wutar ya yi shuɗi ya mutu. Ya dube ni ya ce da yanzu ni ne fitilar nan. Muka yini muna zura buhu muna jawowa don iska ta motsa, sai washegari muka sauka. Kayan aikin ba su da yawa: igiyar zaren dabino mai kauri, wadda yake bin ta da yatsa kamu-kamu kowace safiya, zambil na kaba guda huɗu, dagi, ƙaramin shebur, ƙwarya ta kwalfe ruwan ƙarshe, da tsumma da muke naɗe ƙafa da shi in za a shafa nura, farar ƙasar da ake toshe tsaga da ita. Nura tana cin fata. Wanda ya taka ta da ƙafa tsirara sai ya yi sati yana tafiya a kan dunduniya.

Masu ba mu aiki kuwa, kowa da halinsa. Gab da hajji kowa so yake a fara da gidansa, don baƙi na tafe. Akwai wata tsohuwa Baturkiya da ta sa muka tace lakar saharijinta da rariya, zambil bayan zambil, wai ɗan kunnenta ya faɗa tun tana amarya. Muka tace, ba mu samu ba, ta ce mun haɗiye. Akwai mai tsaya maka a ka yana ƙirga zambil, akwai mai aiko da shayi da gurasa ya tafi abinsa. Amma ko a gidan wa, dokar Baba Gambo ɗaya ce, sai an kai ga dutse. Zai sauka bayanka ya shafa ƙasan da tafin hannu, in ya ji santsin laka ko da na faɗin sule ne, ka koma.

Shi ya sa na yi mamaki ranar da muka fara zuwa birkar Sidi Umar, wani Balarabe Bahadrame mai zangon raƙuma a Utaibiyya. Lokacin Utaibiyya bayan gari ce, bukkoki ne da garken awaki. Ruwa ya kusa ƙarewa, muka kwashe ko'ina tas, sai kusurwar arewa, inda inuwar katanga take faɗawa. Laka ce a wurin jibge, ta kai cinyar mutum. Na ɗaga shebur, Baba Gambo ya daka mini tsawa, ya ce wannan rabon Hajiya ne. Na waiga ina neman wace Hajiya. Sai na ga ɗan ruwan da ya rage a kusurwar ya motsa, wani kai ya ɓullo, faffaɗa, launin toka, da 'yan idanu ƙanana. Ya buɗe baki ya shaƙi iska har ina jin ƙarar, ya koma. Wallahi ban san lokacin da na kai saman matakala ba. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin Baba Gambo ya yi dariya har da riƙe ciki.

Gaiwa ce. Ku ba ku san ta ba, ni ma ban ƙara ganin wata ba bayan ita. Tsawonta ya kai daga kafaɗata zuwa yatsa, kaurinta kamar damtsen ƙato, jikinta sulɓi da ɗigo-ɗigon baƙi. Tana da wasu zare-zare huɗu a inda ƙafafu za su kasance, da su take jan jiki a kan laka. Kifi ce amma da huhu take numfashi, in ka danne ta a ƙarƙashin ruwa ka hana ta ɗagowa, nutsewa za ta yi ta mutu kamar ni da kai. Ga cizo. Dodon koɗi take tauna da ɓawonsa, kana ji ƙurus ƙurus. Kwaɗi, talibambam, fara in ta faɗo, ba ta barin komai, shi ya sa Sidi Umar ya ƙyale ta, don ya lura ruwan birkarsa ya fi na maƙwabta tsabta. Raƙumansa ma sun saba da ita.

Yadda aka yi ta zo Makka, Inna Hajo ce ta ba ni labari, don ita bakinta ba ya gajiya. A ƙasar Sudan, inda suka tsaya noman auduga su tara guzuri, Baba Gambo ya ga busasshiyar fadama da 'yan ƙananan ramuka a kanta, ya gane. In ruwa ya ƙafe, gaiwa nutsawa take cikin laka, ta naɗe, ta rufe kanta da wutsiya, ta kwanta har ruwa ya dawo. Mutanensu sukan haƙo ta da hogen ƙasarta gaba ɗaya su ajiye, ranar da ake son ɗanyen kifi a fasa. Ya haƙo biyar don hanya. Huɗu sun shiga tukunya kafin su kai bakin teku. Ta biyar ɗin, da suka iso Makka ya ɗauko zai fasa, Inna Hajo ta riƙe hannunsa. Ta ce baiwar Allah nan ta ƙetare teku tare da su, ta shigo garin nan tare da su, ita ba za ta ci abokiyar tafiya ba. Tun daga nan sunan Hajiya ya bi ta. Da ruwa ya sauko, Baba Gambo ya kai ta birkar nan ya sake ta.

Shekara bakwai ina ganin abin nan. Ruwa ya zo, Hajiya ta fito a rame, ta ci ta yi ƙiba. Ruwa ya ja baya, ta shige kusurwarta, laka ta bushe a kanta ta tsattsage, ba abin da ya rage sai wani rami da ɗan yatsa zai shiga. Baba Gambo yakan kifa fasasshen tulu a kan ramin don kada akuya ta taka ta toshe shi. Ranar Juma'a bayan la'asar, in tana waje, tsofaffin Tukururu, wato mutanenmu da suka zo hajji suka zauna, sukan zo su zauna a bakin birka, 'yan Haɗeja, 'yan Borno, 'yan bakin Cadi. Inna Hajo ta kawo mata 'yan hanjin kaza a ƙoƙo. Su yi ta kallon ruwa suna jiran ta ɗago, suna gardamar fadamar garin wa ta fi kifi. A nan na ji Baba Gambo ya yi doguwar magana sau ɗaya. Ya ce a garinsu ba a haƙe fadama duka, akan bar gefen da ya fi zurfi, don namijin ne yake gadin ƙwai a rami har 'ya'yan su yi wayo, in aka kwashe manya an kwashe na baɗi. Ya ce wannan kam ita kaɗai ce, daga ita babu wata, kuma shi kansa bai tabbata ko mace ce ko namiji ba.

Sai muguwar shekarar ta zo. Damina biyu a jere ruwa bai sauko daga duwatsu ba. Saharijai suka bushe, masu salka suna layi tun asuba, mu kuma ba aiki, don ba a yasar abin da bai cika ba. Na yi dako a kasuwa, na fasa dutse. Idon Baba Gambo ya fara yin hazo, ya ce gara su je ziyara Madina shi da Inna tun yana ganin hanya. Ranar da ayarinsu zai tashi ya miƙo mini igiyarsa da dagi, ya ce duk aikin da ya samu in karɓa. Ya riga ya juya, ya sake waigowa.

"Sale, kusurwar Hajiya. Kada ka taɓa."

Na ce to, Baba.

Ba su yi wata da tafiya ba Sidi Umar ya aiko a kira ni. Ya samo buhunan siminti, lokacin sabon abu ne, kowa na zancensa. Ya ce birkarsa tana tsotse ruwa ta ƙasa, yana so a kwashe ta har dutse a shafe ta, yadda in Allah ya kawo ruwa ko ɗigo ba zai ɓace ba. Na kawo maganar kusurwa. Ya ce shi raƙumansa ke mutuwa, ba zai bar rami a birka saboda kifi ba, in ba zan iya ba akwai wani magini Bayamane da ke jira. Na san Bayamanen nan dagi zai sa ya farke wurin ba tare da ya san akwai rai a ciki ba. Wannan gaskiya ne, kuma da shi na lallashi kaina. Amma akwai wata gaskiyar. Sidi Umar ya kira ni mu'allim Sale, wato ubangidan sana'a, a gaban mutane, ba wanda ya taɓa kirana haka, kuma abin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Kusurwar na bari ƙarshe, kuma ni kaɗai na haƙa ta. Na zagaye ramin da dagi, taku ɗaya ta kowane gefe, na bi a hankali yini guda, har na ɗago hogen ɗungurungum, ya kai girman tulu. Har nan ban yi ɓarna ba. Da na kai shi inuwa na kifa masa zambil na tafi, da yau wani labarin nake ba ku. Amma gefe ɗaya ya ɗan ɓare, na leƙa. Na ga wata fata ruwan ƙasa, busasshiya ƙamas kamar ɓawon albasa, ta naɗe ta. Ban taɓa ganin haka ba. Duk shekarun nan ɗauka nake can ƙasa akwai danshi, a cikin sanyi take kwance. Ga rana tana dukan dutse, ga ƙasa ba ko alamar laima. Leburorin da ke taya ni suka taru, ɗaya ya ce ta mutu, ɗaya ya ce saura ƙiris. Ni kuma ɗan Makka ne. An raine ni a kan cewa ba sadakar da ta kai shayar da mai ƙishi, mutum ne ko dabba. Tausayinta ya kama ni. Na aro daro, na sa hogen a ciki, na juye masa salka guda.

Kafin la'asar ƙasar ta narke, fatar nan ta yi laushi ta saɓule, Hajiya ta warware ta ɗago kai ta shaƙi iska. Leburori suka yi kabbara. Ni har da zagayawa ina gaya wa mutane na ceto ta. Ta rame ainun, kai ya fi jiki, don a kwanciyar nan naman jikinta take ci a hankali. Abin da ban sani ba shi ne, busasshiyar fatar nan ita ce rigarta, ita ke tsare mata ɗan ruwan jikinta, kuma da ita za ta iya kai wata shekarar lafiya lau. Na tashe ta a tsakiyar fari, ba kwaɗo, ba fara, ba ƙarfin da za ta sake yin wata rigar.

Daron ya yi mata kaɗan, ruwan yana zafi kafin azahar, yara sun dame ta da tsinke. Kwana huɗu muka gama shafe, siminti ya kama, Sidi Umar ya sa aka zuba ruwa kamar zuwa gwiwa a gefen da ya fi zurfi don a gwada ko yana yoyo. Na ga ruwa garau a wuri mai faɗi, na ce ai ga gida sabo. Na ɗauke ta na saka. Ku dubi wautar: ni da kaina tsumma ne naɗe a ƙafata saboda kada siminti ya ci ni, amma ban yi tunanin abin da ruwansa zai yi wa mai fata irin tata ba.

Washegari na tarar jikinta ya yi fari-fari, yauƙi na zuba. Ta tafi kusurwar arewa, daidai inda lakarta take a da, ta kafa kai a ƙasa tana turawa. Ta tura, ta ɗago ta shaƙi iska, ta koma ta tura. Bakinta ya goge har ya yi ja. Na cire ta na mai da ta daro, na sake ruwa. Na ruga neman lakar da muka kwashe, ashe masu jakuna sun kai ta wani lambu an cakuɗa da taki. Na ɗebo ƙasar kwari, yashi ce zalla, in ta tura kai sai ta rufta. Na yi yawo gidajen da muka taɓa yasa ina roƙon ragowar laka, ba ko ɗaya, don mu ba ma barin komai. Na kawo mata hanjin kaza, ta ƙi ci. Kwana shida ana haka. Rana ta bakwai da hantsi na zauna ina jiran ta ɗago, ba ta ɗago ba. Na haƙa rami a bayan katangar birka na binne ta. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Bayan wata biyu suka dawo. Ban jira labari ya riga ni ba, na tare su a gida na faɗi komai, ban rage ba. Baba Gambo bai yi tsawa ba, na so a ce ya yi. Ya ce in kai shi birkar. Na riƙe hannunsa muka sauka matakala, ya durƙusa ya bi ƙasan da tafin hannu tun daga wannan bango har wancan, har kusurwar arewa. Ya daɗe a wurin.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Ba inda ruwa zai bi."

Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce shi ne da neman gafara, shekara bakwai yana koya mini fitar da laka, bai taɓa zama ya gaya mini abin da ke faruwa a cikin wadda yake bari ba. Maganar nan ta fi mari zafi. Daga baya na yi shekara talatin ina mu'allim, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannuna zai gaya muku na cika surutu. In na ce kada a taɓa abu, sai na faɗi dalili har mutum ya gaji da ni. Ruwa ya zo a daminar da ta biyo baya, birkar ta cika maƙil, ta riƙe ruwa fiye da kowace a Utaibiyya, Sidi Umar ya yi ta aiko mini da masu son a yi musu aiki. Tsofaffin nan kuwa ba su ƙara zuwa zaman Juma'a ba.

Saura Inna Hajo. A ranar, da muka dawo daga birka, na tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba, ta tambaye ni ko Hajiya ta sha wuya. Na shirya ƙarya tun a hanya, zan ce dare ɗaya ne. Da na buɗe baki sai na ji na ce kwana shida, Inna.

Ta ajiye faifan a cinya.

"Wata goma sha ɗaya na ɗauke ta a kaina, Sale. A jirgin ruwa, da igiyar ruwa ta fara watso mana, zanena na cire na lulluɓe ta, ni na jiƙe. Ko ɗigo ban bari ya taɓa ta ba."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsince shinkafar. Na daɗe a durƙushe, ba ta ce in tashi ba.